Gawarwakin Ɗakin Kwali

Ranar da aka sauko da Auta daga bene zuwa ɗakin kwali, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kofin shayinta da kwamfutarta, ta bi matakala tana gaisawa da kowa kamar wadda aka ƙara wa girma. Sai da ta zauna a kan bencin matan da ke naɗe kaya, aka miƙo mata almakashi da salatif, sannan abin ya fara yi mata ciwo.

Kamfanin na kawunta ne, yayan mahaifiyarta. Sana'arsu ƙera allunan lantarki da ake sa wa injin ƙyanƙyasar ƙwai. Allon ne ke kula da zafi, shi ke juya ƙwai, shi ke ihu idan wuta ta ɗauke. A tsakiyar kowane allo akwai ƙwaƙwalwa, wata 'yar baƙar aba da ba ta kai farcen babban yatsa ba. Daga masana'anta allo yakan zo fanko, ba komai a kansa, sai an haɗa shi da kwamfuta ta wata 'yar kafa mai wayoyi uku da ake kira siriyal, a ba shi wuta. Idan lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwar za ta fara jero harafin C a fuskar kwamfuta, C, C, C, wato ga ni nan, a zuba mini. Daga nan a tura mata manhaja, allo ya tashi. Wannan shi ne aikin Auta tun da ta gama jami'a. Ita ta rubuta manhajar, ita ke tayar da allunan, kuma ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Sai ga wani sabon zubi ya iso, ɗaruruwan alluna, duk na mace ɗaya, mai wata babbar gonar kaji da ma'aikata ke kira Uwar Kaji a bayan idonta. Auta ta haɗa na farko ta ba shi wuta. Maimakon C, sai tarkace ya cika fuskar kwamfutar: alamar tambaya, 'yan akwatuna, wasu zane-zane da ba su da suna. Can sai C guda ɗaya ta leƙo a tsakiyarsu. Ta yi maza ta tura manhaja, ta ɗan fara shiga, ta tsaya cak. Na biyu haka, na uku haka. Ta ce a ba ta lokaci ta bincika.

Ba a ba ta ba. Washegari aka kira taro, babban ɗan Kawu ya miƙe. Ita Yaya take ce masa, ma'aikata kuwa Ƙaramin Oga. Shi ke kula da sayen kaya da hulɗa da masana'anta, shi ma injiniya ne da takardarsa, sai dai bakinsa ya fi hannunsa aiki nesa ba kusa ba.

"Tsohuwar manhaja ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba," in ji shi. "Auta ta yi mata kwaskwarima a watan jiya, to ga kwalliyar nan kowa ya gani."

"Yaya, manhajar ba ta ma shiga ba fa. Abin da bai shiga ba ta yaya zai kashe allo?"

Ya juya ga ma'aikata yana buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Likita ya kashe mara lafiya, ya ce ai allurar ba ta gama shiga ba."

Aka kwashe da dariya. Ba don maganar ta yi ma'ana ba, sai don wanda ya faɗe ta shi zai gaji kujerar wata rana. Auta ta dubi Kawu. Shi ya koya mata riƙe ƙarfen dalma, wanda ake liƙa ƙananan kaya a jikin allo da shi, tun tana tsayawa a kan kwali kafin ta kai tebur, kuma ya fi kowa sanin cewa gaskiyarta ce. Kawu ya dubi teburin gabansa, ya ce ta ɗan sauka ƙasa ta taya mata aiki kafin a gano bakin zaren.

Da yamma aka sauko da allunan gaba ɗaya, aka jera su a jikin bangon ɗakin kwali don babu fili a sama. Yaya ya biyo su yana kaɗa makullin mota.

"Ga gawarwakinki nan, ki yi musu gadi," ya ce. Matan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Da ya ga fuskarta sai ya ƙara da cewa, "Haba Auta, wasa nake. Ke ba a yi miki wasa?"

Haka yake tun suna yara. Ya mintsine ka, kafin ka buɗe baki ya ce wasa yake, idan ka yi kuka kai ne ba ka san wasa ba. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi ta. Direba ya shigo ya ce ina Mai Gawa, a sa mini hannu. Mai shara ma, da bai san ko me ake ƙerawa a gidan ba, Mai Gawa yake ce mata da ladabinsa, yana zaton sarauta ce.

A gida ta gaya wa Umma, tana yanka albasa don ta sami abin fakewa da shi.

"Ki yi haƙuri," in ji Umma. "Ɗan uwanki ne."

"Kashin kaji ya shafa mini a gaban kowa, Umma."

"Na ji. Amma kawunki ne ya riƙe mu lokacin da babu mai kallonmu. Kada in ji bakinki a kan ɗansa."

Auta ta ce to. Ta ci gaba da yankan albasa har ta zarce abin da miya ke buƙata, a ranta kuwa tana rantsuwa cewa dariyar nan da aka yi mata sai ta dawo da ita ga mai ita, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin da aka yi ta.

A sama kuwa an shiga kame-kame. Labari yakan sauko da masu zuwa ɗaukar kwali. An canza kebul, an sayo sabuwar kwamfuta, an dawo da tsohuwar manhaja, shiru. Yaya ya ce ai manhajar Auta ta riga ta lalata su, bai damu da cewa mafi yawan allunan ko daga ledarsu ba a fitar ba. Ya ɗauko wani ƙwararre daga waje, mai jaka da taye. Ƙwararre ya juya wayar aikawa da ta karɓa, tarkacen ma ya ɗauke gaba ɗaya, ya mayar da su yadda suke, tarkace ya dawo, ya ce an sami ci gaba. Ya sha shayi ya tafi. Auta na jin duk wannan tana jan salatif, wani mugun daɗi yana ratsa ta.

Amma daɗin bai ishe ta ba, don ita ma ba ta san mene ne ba, kuma rashin sanin ya fi sunan Mai Gawa cin ranta. Saboda haka da matan suka fita cin abincin rana, ta janyo allo ɗaya daga jikin bango. A ƙasan benci akwai wani tsohon allo na zubin bara, da aka dawo da shi saboda murfinsa ya fashe. Ta kwantar da su gefe da gefe a kan kwali, ta buɗe kwamfutarta.

Ta fara da tsohon. C, C, C, tsaf. Ke nan kebul lafiya, kwamfuta lafiya. Ta mayar kan sabon, tarkace. Ta auna wutar da ke shiga ƙwaƙwalwar, daidai take. Ta bi wayar ƙasa, ba ta yanke ba. Ta duba 'yan resistocin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ta wace kafa za ta tashi, duk suna inda ta san su. Matan suka dawo, ta tura komai ƙarƙashin benci ta ɗauki almakashi.

Washegari ta zo da 'yar na'urarta ta hannu, wadda ke zana igiyar lantarki a gilashi. Ta ɗora tsinkenta a kan wayar aikawa ta tsohon allo, ta ga harafin C yana fita, tudu da kwari, kowane da faɗinsa. Ta koma kan sabon. Ga mamakinta siffar ɗaya ce, C ce sak yake aikawa. Ta ƙura ido, ta ƙara girman zanen, sai ta ga tudun sabon ya ɗan fi na tsohon tsukewa. Kaɗan ne ƙwarai, amma yana nan.

Ashe allon ba bebe ba ne, kuma ba mahaukaci ba ne. Sauri yake yi. A kafar siriyal babu mai buga wa ɓangarorin biyu ganga, kowa da agogonsa yake ƙirga, sai dai a yi alkawarin sauri ɗaya tun farko. Idan ɗaya ya ɗan zarce, farkon harafi zai zo daidai, kafin a kai ƙarshensa an sha bamban, sai mai sauraro ya rubuta shirme. Ta ɗan ɗaga saurin da kwamfutarta ke saurare da shi. Ta ba allo wuta.

C, C, C, C, layi guda, babu ko ɗigon datti.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta tambayi kanta, me zai sa agogon allo ya yi sauri? Agogon ƙwaƙwalwa daga kiristal yake fitowa, wani ɗan gwangwanin azurfa mai kamar ƙwayar shinkafa da ke kusa da ita. Ta haska shi da fitilar waya, ta ɗauki hoto ta buɗa. A kan tsohon an rubuta ashirin da huɗu. A kan sabon, ashirin da biyar.

Ita kuwa wannan ƙwaƙwalwa ba ta auna kiristal da kanta. Wasu resistoci biyu ne a gefen allo ke gaya mata wane iri aka ba ta, ita kuma ta yarda ido rufe. Resistocin na nan suna rantsuwa cewa ashirin da huɗu ne. Wani ya canza kiristal bai gaya musu ba.

Ta san inda za ta ji ko wane ne. Mai sito dattijo ne da ba ya iya riƙe magana, ko ba a tambaye shi ba. Ta je neman salatif ta jingina da ƙofa.

"Baba, kiristal ɗin zubin nan kamar ba irin namu ba ne."

"Ai namu ya yanke a kasuwa, 'yata. Ƙaramin Oga da kansa ya nemo wannan ya aika wa masana'anta. Nan ya tsaya inda kike tsaye yana cewa ba don shi ba da har yanzu muna zaman jira. Na ce ranka ya daɗe, lambar fa ba ɗaya ba ce. Ya ce bambancin ɗaya ne tak, ko a jarrabawa maki ɗaya ba ya kayar da mutum. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Salatif na zo nema."

Ta koma bencinta da salatif ɗin da ba ta buƙata. Gyaran ba wani abu ba ne, a ɗaga resistoci biyu a matsar da su gurbin da ke kusa, shi ke nan. Tana iya hawa bene a wannan lokacin ta faɗa. Ba ta hau ba. Ta yi gum da bakinta, ta riƙa naɗe kaya tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, har matan suka fara tambayarta ko an yi mata albishir ne. Duk sanda Yaya ya wuce, idonsa ya faɗa, waya manne a kunne yana ba Uwar Kaji haƙuri, sai ta gaishe shi da fara'a ta tambaye shi ya aiki. Ba so take a gyara kawai ba. So take ya faɗa da bakinsa, a gaban waɗanda suka yi dariya.

Ana gobe Uwar Kaji za ta zo, ko ta ga allo ya tashi ko ta kai aikinta wani wuri, sai Kawu ya sauko ɗakin kwali bayan matan sun tashi. Bai saba saukowa ba, gwiwarsa ba ta son matakala. Ya zauna a kan wani kwali, ya ciro tsohon gilashinsa na duba ƙananan abubuwa daga aljihu yana juya shi a hannu. Hannun na karkarwa, shi ya sa ya daina riƙe ƙarfen dalma tun tuni.

"Auta, jiya na tafi da allo ɗaya gida na duba."

Ta ajiye almakashi.

"Na ga lambar," in ji shi. "Ke ma kin gani, ko? Na lura da ke kwanan nan."

"Na gani, Kawu."

Ta jira. Da a nan ya ce an zalunce ki, ki yafe, da ta miƙe ta kunna ƙarfen dalma ta kama gyara ba tare da wani ya ji ba. Har hawaye sun fara taruwa a idonta suna jiran kalmar.

"Ki gyara guda ɗaya kafin gobe," in ji Kawu. "Idan matar nan ta zo ki tayar da shi a gabanta, ki ce kuskure kika gano a manhajarki. Sauran mu gyara a hankali, ni da ke, ba sai kowa ya sani ba. Shi kuma ni zan yi masa magana a gida."

Hawayen suka koma inda suka fito.

"In ce laifina ne."

"Ki rufa mana asiri. Shi zai riƙe gidan nan bayana. Idan ma'aikata suka yi masa dariya yau, ba zai sake iya ba su umarni ba har abada. Ke kuwa gobe kin koma teburinki, jibi kowa ya manta."

"Mai Gawa suke ce mini, Kawu. Har mai shara."

"Na sani. Ke mai ƙarfin zuciya ce, za ki iya ɗauka. Shi ba zai iya ba." Ya miƙe da ƙyar, ya dafa kanta kamar yadda yake yi tun tana ƙarama. "Don ke tawa ce na zo gare ki, Auta."

Tun ranar da ta kawo masa takardar kammala jami'a take jiran ya kira ta Injiniya, ko sau ɗaya. Ya kira ɗansa haka, ya kira baƙi haka, har ƙwararre mai taye ya samu. Ita dai Auta.

"To, Kawu," ta ce.

Ya tafi yana sa mata albarka. Ta zauna tana kallon allunan da ke jikin bango. Ashe ba rashin sani ba ne ya sa ya dubi tebur ranar taro, zaɓi ne ya yi, kuma yau ya sake yinsa ido buɗe. Ta tattara kayanta ta tafi gida, ba ta taɓa resista ko ɗaya ba.

Da safe ɗakin sama ya cika. Ma'aikatan da suka yi dariya duk suna nan a tsaitsaye, mai sito na bakin ƙofa don kada labari ya wuce shi. Uwar Kaji ta zauna a kujerar Kawu ba tare da an ba ta ba, jaka a cinya, tabarau a kan hanci. Mace ce mai murya, wadda ta saba magana a cikin hayaniyar dubban kaji.

"Ni ba dogon turanci na zo ji ba," in ji ta. "Na yi odar ƙwai, injina suna tsaye ba ƙwaƙwalwa. Ku nuna mini abu yana aiki."

Yaya ya gyara wuyan riga. Kawu ya gaya masa an shawo kan matsalar, bai gaya masa yadda aka yi ba.

"Ranki ya daɗe, an gama. Ƙanwata ce ta ɗan yi tuntuɓe a manhaja, yarinta ce, ta kuma gano kuskurenta. Auta, zo ki wanke kanki."

Auta ta zo da alluna biyu ta kwantar a kan tsohon teburinta. Ta kunna ƙarfen dalma ta jingine shi ya yi zafi. Ta juya fuskar kwamfuta yadda kowa zai gani.

"Wannan na bara ne." Ta ba shi wuta, C suka jeru. "Wannan kuma na zubinki ne, ranki ya daɗe." Ta mayar da kebul, ta ba shi wuta, tarkace ya watsu a fuskar kwamfutar.

Kawu ya ɗago kai da sauri.

"Kebul ɗaya, kwamfuta ɗaya," in ji Auta. "Kuma ban tura wa ko ɗayansu manhaja ba tukuna, tawa ko ta wani. Yaya, don Allah taimaka mini. Zaman ɗakin kwali ya kashe mini ido. Ɗan gwangwanin nan na kusa da ƙwaƙwalwa, me aka rubuta a kansa?"

Yaya na son a gan shi yana aiki a gaban baƙi. Ya karɓi gilashin Kawu ya sunkuya.

"Ashirin da huɗu."

"Na sabon fa?"

"Auta," in ji Kawu. Kalma ɗaya, a hankali. Ta ji ta har cikin ƙashinta, amma ba ta waiwaya ba.

"Ashirin da biyar," in ji Yaya. "Sai me?"

Uwar Kaji ta sauke tabarau. "Me ya sa ba iri ɗaya ba ne? Wa ya canza?"

Auta ta dubi Yaya. Ta san shi tun yana ƙwace mata alewa, ta san ba zai iya barin yabo ya wuce shi ba ko da a bakin rami yake.

"Ni ne," ya ce yana murmushi. "Wancan ya yanke a kasuwa. Ba don na yi dabara na nemo wannan ba, da har yanzu allunanki ba su ma iso ba. Bambancin ɗaya ne tak."

"Haka ya ce mini ni ma," in ji mai sito daga bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye shi.

Auta ta ɗauki ɗan hantsaki da ƙarfen dalma, ta ɗaga resista ta farko ta matsar, ta ɗaga ta biyu ta matsar. Ƙamshin dalma ya cika ɗakin. Ta hura wurin, ta mayar da kebul, ta ba allo wuta.

C, C, C, C.

Ta tura manhajarta, wadda aka ce ita ta kashe su. Ta shige sumul har ƙarshe. Koriyar fitila ta kama, allon ya yi ɗan kukansa na tashi.

"Resistocin nan biyu su ke gaya wa ƙwaƙwalwa irin kiristal ɗin da aka ba ta," in ji Auta, tana duban Uwar Kaji ita kaɗai. "An canza shi ba a gaya mata ba, sai agogonta ya riƙa gudu. Gara ma da ta ƙi tashi. Da ta tashi a haka, da duk lokutan juya ƙwanki sun goce."

"Wato ɗayan nan tak ce ta tsayar mini da gona?" Uwar Kaji ta juya ta ƙare wa Yaya kallo daga hula har takalmi. "Kai kuma ka ce yarinta ce?"

Wani daga baya ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Shi ke nan aka ɓalle. Auta ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, tana tabbatar da cewa duk wanda ya yi waccan ya yi wannan. Gumi ya karyo wa Yaya. Ya matso kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin sani tun yaushe? Me ya hana ki gaya mini ni kaɗai?"

Ta dube shi da fuskar da babu ko ɗigon mugunta a kanta.

"Haba Yaya, wasa nake. Kai ba a yi maka wasa?"

Uwar Kaji ta miƙe ta ce aikinta na nan, amma da sharaɗin kowane allo ya bi ta hannun wannan yarinyar kafin ya fita. Kawu ya raka ta har mota. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ce wa ɗansa ya ɗauki ƙarfen dalma ya sauka ɗakin kwali, wanda ya canza kiristal shi zai matsar da resistoci, allo bayan allo, har su ƙare. Yaya ya dubi fuskar ubansa. Ya bi matakala da ƙarfen a hannu, wayar wutarsa na jan ƙasa.

Ma'aikata suka watse kowa ya kama gabansa, suna satar kallonta da sabon ladabi. Auta ta zauna a kujerarta, ta mayar da kofin shayinta inda yake a da. Daɗi take ji, ba za ta yi ƙarya ba, daɗi mai zafi har cikin yatsunta.

Kawu ya zo ya tsaya a gefen teburin. Bai dafa kanta ba. Ya ɗauki gilashinsa da Yaya ya bari a wurin, ya goge shi da bakin riga ya sa a aljihu.

"Sannu da aiki, Injiniya," ya ce.

Da muryar da ya sallami ƙwararre mai taye ya faɗa. Ya juya ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba idan tana ɗakin. Ta zauna tana kallon ƙofar. Shekara da shekaru tana jiran kalmar nan, yau ta zo, ta kuma gane cewa daga yau ba za ta sake jin ya kira ta Auta ba. Wayarta ta fara ruri a cikin jaka. Ko ba ta duba ba ta san Umma ce. Ta bar ta ta yi ta yi har ta gaji.

Can sai ga mai sito ya hawo yana haki, da allo ɗaya a tafin hannu.

"Na farko ke nan, in ji Ƙaramin Oga. Har ya ƙona yatsa, matan na can suna ba shi shawara."

Ta karɓa ta haɗa. C suka jeru tsaf, allon lafiyarsa ƙalau. Ta juya shi ta duba aikin. Dalmar ta yi tudu, resista ɗaya ta ɗan karkace, amma ta kama, kuma za ta riƙe. Ko a hannun wani ma'aikaci ne da ta bar shi ya wuce. Ta sake duban ƙofar ofishin Kawu, tana nan a rufe.

Ta cire kebul ta miƙa wa mai sito allon.

"Ka ce masa ya sake," ta ce.